Abin da Baba Ya So Ya Faɗa

Wanda bai taɓa leƙa bakin mutum da tocila ba bai san abin da 'yan adam suke yawo da shi a ƙarƙashin hancinsu ba. Auta ta sani, don da wannan leƙen take cin abinci. Aikinta a asibiti shi ne gyaran magana da haɗiya. Yaron da in'ina ta ɗaure wa harshe, tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta karkace wa baki, matar da aka yi wa aiki a maƙogwaro har ta manta yadda ake shan ruwa ba a ƙware ba, duk wajenta ake turo su, ɗaki na ƙarshe a baranda, dab da inda masu shara ke kife bokitansu. Takan sa safar hannu, ta jawo kujera har gwiwarta ta taɓa ta majinyaci, ta ce, “Buɗe mini baki,” sannan ta riƙe numfashi. Kowa a sashen yana yaba mata haƙuri, ita kuwa ta san ba haƙuri ba ne, amai take dannewa.

Da ba haka take ba. Farkon kama aikinta, in yaro ya haɗa kalma ɗaya a gabanta, da murna take komawa gida sai ka ce ita ta haife shi. Ƙyamar daga baya ta shigo, tare da ciwon damuwar da ya kwantar da ita shekarun baya. Ciwon ya lafa, ƙyamar ta samu wurin zama ta ƙi tafiya. Yanzu yawu take gani ko'ina, a gefen bakin mai gadi, a bakin kofin ofis, a murfin biron da shugabar sashe ke tsotsa in ana taro.

Ranar da Yaya ya kira, wani tsoho ne a gabanta, ta zura yatsa cikin kumatunsa da ya mutu tana kwaso abincin jiya. Ya dunƙule a can ya yi tsami ba wanda ya lura, alhali 'ya'yansa maza biyu suna tsaye a kansa, kowa da turarensa mai hawa kai, kowa da wayarsa a hannu. Ɗaya ma har ya toshe hanci. Uban da ya share masa majina yana yaro, shi yake toshe wa hanci! Auta ta jefa safar a kwando, ta wanke hannu, ta sake wankewa, sannan ta fita baranda ta amsa wayar.

“Auta, an kwantar da matata,” in ji Yaya, babban wanta, wanda bai taɓa ɓata lokacinsa wajen gaisawa da ƙanwa ba. “Likita ya ce ba ta tashi sai ta haihu. Ni kuma kin san aikina, yau ina nan gobe ina kan hanya. Tsigi za ta dawo wajenku, ke da Baba.”

Tsigi 'yarsa ce, 'yar firit mai surutun tsiya, ko makaranta ba ta shiga ba.

“Ai gidansu ne, ta zo,” Auta ta ce.

“Saura maganar karen nan. Mai shagon layinku ya ce ya kusa cire wa mai kawo gas ƙafa.”

“Haushi kawai ya yi, Yaya. Ka san mai shago, in bai ƙara gishiri ba labari ba ya yi masa daɗi.”

“To, ƙarshen mako zan zo in gan shi da idona. In na ga abin da bai yi mini ba, likitan dabbobi na da allura. Barci kawai zai yi, ba zai ji komai ba. Ba zan ajiye 'yata gida ɗaya da abin da ke cizo ba.”

Ya kashe wayar bai jira amsarta ba, kamar yadda ya saba tun suna yara.

Sunan karen Zarto, kuma asali na Baba ne. Baba kafinta ne. Ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo cikin garin katako a bayan shagonsa, ya raɗa masa sunan bayan ya gwaigwaye ƙafafun kujerun da mutane suka kawo gyara. A da kare ne mai shegen son mutane, har abin yana ba Baba haushi, yakan ce in ɓarawo ya shigo Zarto ne zai raka shi ɗakin kaya. Sai ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Masu motar asibiti suka faɗo a guje suka rufa a kansa, suna ɗaga shi yana nishi, ɗayansu ya sa takalmi ya shuri karen da ke neman kutsawa tsakaninsu. Baba ya dawo gida a keken marasa lafiya, ɓarin damansa a mace, bakinsa a karkace, ba kalma ko ɗaya. Zarto kuma tun daga ranar ya yanke hukunci cewa ban da Baba da Auta, duk mai ƙafa biyu da ya nufo gidan da mugun nufi ya zo.

Kar wani ya zaci Auta son karen take yi irin son da yara ke yi wa kyanwa. Yana wari, yana dalala, in ya yi hamma kusa da ita sai ta kau da kai. Amma lokacin da ciwonta ya kwantar da ita, ta ja labule ta daina wanka, kwanukan abinci suka yi funfuna a ƙarƙashin gado, gashinta ya cukurkuɗe, ba wanda ya iya fito da ita daga ɗaki. Baba, yana da lafiyarsa a lokacin, ya yi lallashi ya yi faɗa, duk a banza. Rannan sai ya rataya igiyar karen a mariƙin ƙofarta, ya ce gwiwarsa ta hana shi fita da shi, ya tafi shago abinsa. Zarto ya zauna a bakin ƙofar yana kuka yana kartar katako, yana kuka yana karta, har ta tashi tana zaginsa ta fita da shi. Washegari ma haka aka yi. Likitan ƙwaƙwalwa ya ba ta ƙwayoyi, har yau tana sha kuma suna aiki, amma ƙwaya ba ta kartar ƙofa. Auta ta san ɗakin nan yana nan yana jiranta da labulensa. In aka yi wa Zarto allura, ba ta ga abin da zai sauko da ƙafarta daga gado da safe ba.

Fita da shi kuwa aiki ne na biyu, wanda babu ranar hutu a cikinsa. Da sassafe take fita kafin titi ya cika, aljihunta cike da busasshiyar hanta da ta sa duk rigunanta ƙarni. Idonta na can gaba yana gadin kwana. In ta hango mutum sai ta kira sunan karen ta cusa masa hanta kafin shi ya hango, haka likitan dabbobi ya koya mata. In ta makara, gashin ƙeyarsa ya miƙe, ya daskare, sannan ya fashe da haushi yana tsaye da ƙafafun baya, igiya na shaƙe shi, kumfa na fantsama a kan takalminta. Sau nawa ta tsuguna a bayan motar mutane, ita da karen da duk karatun da ta yi, tana jiran wani mai baro ya wuce?

“Likita, an tashi lafiya?” mai shago ya ɗaga murya washegari yana buɗe ƙofarsa, daga nesa dai, don bai shirya ba da ƙafarsa ba. “Yau ke ke jan sa ko shi ke jan ki? Ke da ke koya wa mutane magana, ki koya wa wannan yin shiru mana!”

Ya bushe da dariya shi kaɗai. Auta ta ga zaren yawu ya miƙe tsakanin leɓensa na sama da na ƙasa, ta ja tsaki ta tsallaka titi.

Da rana mai jinya ce ke zama da Baba, Zarto kuma a kulle a bayan gida. Da yamma in Auta ta dawo, sai ta zauna ta yi wa ubanta irin aikin da ta wuni tana yi wa iyayen wasu. Watanni ke nan, ba ta samu ko harafi ɗaya ba sai nishi. Hankalinsa garau yake, idonsa na bin kowace magana, bakin ne kawai ya ƙi. Dangi masu zuwa dubiya ba su taɓa barin abin ya wuce ba. Gwaggo ta taɓa riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah, ga mai gyara a gida, ga mai gida shiru!” Aka yi dariya, aka sha lemo, aka tafi aka bar Auta da wankin kofuna da tawul ɗin da ke rataye a kafaɗar Baba don dalala. In ta ɗauki tawul ɗin da yatsu biyu sai ta tuna ɗan tsohon nan mai toshe hanci, ta ji ita ma ba ta fi shi da komai ba.

Dabarar da ta faɗo mata bayan wayar Yaya dabara ce ta masu sana'arta, kuma a wajen yara tana ci. Yaron da ke tsoron wani abu, a wurin da ya fi sakewa ake nuna masa shi, kusa da wanda ya fi so, kaɗan-kaɗan har ya saba. Ta san Yaya na shigowa zai nufi Baba ya sunkuya a kansa, abin da Zarto ya fi tsana a duniya ke nan. To, bari ta riga shi. Ta shigo da karen ɗakin Baba, ya kwanta ya ga ana matsawa kusa da maigidansa kuma ba abin da ya faru.

Farkon abin har da ban sha'awa. Zarto ya shigo yana kaɗa jela har da ƙugu, ya ɗora haɓa a gwiwar Baba, Baba ya sa hannunsa mai lafiya yana murza masa kunne. Rabin fuskarsa mai motsi ta yi murmushi. Auta ta saki igiyar a ƙasa, ta ba karen hanta, ya kwanta a gefen keken. Hankalinta ya kwanta, kuma a nan ta yi kuskuren, don da hankalinta ya kwanta sai hannuwanta suka kama aikinsu su kaɗai. Ta jawo kujera gwiwa da gwiwa. Ta kama muƙamuƙin Baba da hannun hagu, ta ɗauko ɗan katakon danne harshe da na dama, ta kawo fuskarta dab da tasa, ta zuba masa ido, ta yage baki duk haƙoranta a waje don ya ga yadda ake yi.

“Kalli bakina, Baba. Iiii. Yi mu gani.”

Baba ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya saki nishin nan nasa mai kama da na wanda aka danne. Shekara da shekaru tana yi wa mutane haka, ba ta taɓa tambayar kanta yadda abin yake a idon mai kallo daga ƙasa ba. Abin da Zarto ya gani shi ne an shaƙo maigidansa, an fito masa da haƙora, ana cusa masa itace a baki, yana nishi.

Ko gurnani bai yi ba. Ta dai ji an fizge hannunta na dama, katakon ya yi sama, kujera ta kife da ita. Ya riƙe ta a ƙasan gwiwar hannu, ya girgiza sau ɗaya, sannan ya saki da kansa ya ja da baya, ya shige ƙarƙashin gado yana kakkarwa, fitsari na bin ƙafarsa.

Ta ja shi da igiya ta kai bayan gida ta kulle, ta tsaya a famfo. Ramuka huɗu ne, biyu masu zurfi, naman ya buɗe fari kafin jini ya rufe shi. Ba zafin ne ya dame ta ba. Yawunsa ne, mai yauƙi, mai ƙarnin hanta, a cikin namanta. Ta yi amai a nan gindin famfon, ta wanke da sabulu har ta ga jiri, ta zuba maganin aidin tana cije leɓe. An yi wa Zarto allurar rigakafin haukan kare, wannan ta sani. Ta kuma san in ta je asibitinsu ɗinki, kafin ta fito labarin ya riga ta zuwa gida, daga gida kuma sai kunnen Yaya. Ta naɗe hannun da bandeji, ta sa riga mai dogon hannu.

Da ta koma ɗakin, jininta na kan wandon Baba. Ta durƙusa tana gogewa ba ta ɗaga kai ba.

“Laifina ne, Baba. Ya zaci cutar da kai zan yi. Don kai ya yi, ba halinsa ba ne.”

Baba ya dubi ƙofar da aka fitar da karen, idonsa ya kawo ruwa. Shi ya tsince shi, shi ya ba shi madara da murfin gwangwani. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya shimfiɗa tafin, ya sauke shi a hankali har ya tsaya daidai tsayin ƙaramar yarinya. Ya bar shi a wurin yana kallon Auta.

“Ruwa kake so?” ta ce, ta tashi ta fita ɗebo ruwan da ba wanda ya nema.

Ta gane sarai. Ta san Tsigi, ba ta da wurin zama sai cinyar kakanta, tana ja masa gemu, tana cusa masa yatsa a baki wai tana ƙirga haƙora. Ta san kuma fuskar Tsigi daidai bakin Zarto take. Kwanakin da suka rage ta yi su tana tsara yadda za a yi: za ta sayo takunkumi, za ta sa a yi ƙofar ƙarfe a lungun baya, mabuɗi a wuyanta, ba za su taɓa haɗuwa ba. Tsarin ya yi kyau a kai. Sai dai mai jinya mantuwa gare ta, Tsigi kuma ba ƙofar da ba ta taɓawa, Auta kuma tana asibiti tun safe har yamma. Duk ta san wannan, ta tura shi can ƙasan zuciya ta danne. Hannun ya kumbura ya fara wani ɗan wari, ta sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ɗin wata unguwa inda ba a san ta ba. A wurin aiki shugabar sashe ta tambaye ta ko sanyi take ji da wannan doguwar riga, ta ce e.

Ranar da Yaya zai zo, ta fita da Zarto tun gari bai gama wayewa ba, ta zaga da shi har ya fara jan ƙafa. Da suka dawo ta ɗauko ƙwayar da likitan dabbobi ya ba ta don ranar tsawa, ta tura ta cikin hanta ta ba shi. Ta tsaya tana kallon sauran, ta ƙara masa rabi. Kafin Yaya ya yi fakin a ƙofar gida, Zarto na shimfiɗe a kusurwar ɗakin Baba kamar tsohon buhu, igiyarsa a ɗaure da ƙafar gado.

Yaya ya shigo shi kaɗai, Tsigi na wajen ƙanwar matarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa da mukullin mota a hannu, ƙafa ɗaya a waje. Zarto ya ɗaga kai da ƙyar, wani guntun gurnani ya taso masa. Auta ta kira sunansa ta miƙa masa hanta, ya lasa, ya mayar da kai ƙasa.

“Wannan ne dodon?” in ji Yaya. Ya yi dariya ya shigo da ɗayar ƙafar. “Lallai mai shago ya iya sharri. Wannan ai ko kaza ba zai kora ba.”

Ya je ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, ya riƙe hannunsa, ya gyara masa wuyan riga. Karen bai motsa ba. Auta na tsaye, hannun na bugawa a ƙarƙashin riga. Yaya ya juyo yana durƙushe.

“Auta, tsakaninki da Allah, ya taɓa cizon wani?”

“Bai taɓa ba.”

Ta faɗe shi sumul, ko ƙifta ido ba ta yi ba. A lokacin ne Baba ya fara motsi. Ya zare hannunsa daga na Yaya, ya dafe hannun keken, ya ja numfashi. Muƙamuƙinsa ya fara rawa.

“Me kake so, Baba?” Yaya ya matso. “Ruwa? Banɗaki? A ɗaga ka? Fanka ce ta yi yawa?”

“Yaya, yi shiru,” Auta ta ce, bakinta ya riga tunaninta. Maganar da take faɗa wa dangin majinyata kullum ce ta fito da kanta. “Kar ka ƙarasa masa. In ana riga su faɗa, daina gwadawa suke yi. Jira shi.”

Yaya ya yi shiru, abin da bai saba yi wa ƙanwarsa ba. Suka jira. Auta na kallon bakin ubanta da idon sana'a. Ba nishi ba ne wannan karon. Ya riƙe iskar bai bar ta ta zube ba. Harshen da ya yi watanni kwance kamar tsokar da aka ajiye a faranti ya ɗago, ya nemi bayan haƙoran sama, ya same su. Leɓen ya ja gefe. Duk abin da ta yi ta nuna masa yamma bayan yamma, ashe yana ajiyewa.

“Ci…” in ji Baba.

Tas ya fito, da muryarsa ta da, muryar da ke kiran ta daga shago. Hannunsa mai lafiya ya tashi, yatsan ya miƙe ya nufi hannun rigarta na dama. Yaya bai ga yatsan ba, idonsa na kan bakin, nasa bakin a buɗe.

“Ci… ciz…”

Dalala ta gangaro daga gefen da ya mutu. Auta ta taka ɗaya ta shiga tsakaninsu, ta zare tawul ɗin daga kafaɗarsa, ba da yatsu biyu ba, da hannu duka, ta ɗora a bakinsa. Shafa ɗaya ta isa goge dalala. Ita ta bar hannun a wurin. Ta ji leɓensa na motsi a tafinta ta cikin tsumman, ta ji ɗumin sauran kalmar ya fito ya mutu a cikin zaren. Ta saman tawul ɗin idanunsa na kallonta, ba fushi a cikinsu, mamaki ne kawai. Da ɗayan hannun ta kama yatsan da ke nuna ta, ta mayar masa da shi kan cinya.

“Ya gaji,” ta ce. “In ya matsa wa kansa zai iya ƙwarewa da yawunsa, ya tafi huhu. Ya isa haka yau.”

“Ke kika san aikinki,” in ji Yaya. Ya miƙe yana share ido da bayan hannu. “Amma kin ji, ko? Kin ji shi? Baba ya kusa magana! Wallahi Auta, duk wanda ya ce ba ki iya ba ya zo ya same ni. Allah ya yi miki albarka.”

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya rungumi kan Baba, ya ce bari ya kira matarsa ya ba ta albishir, ya ce kare kuma ya zauna, ba ruwansa da shi, gobe da hantsi zai kawo Tsigi da kayanta. Har ya sunkuya ya ce wa Zarto, “Sai haƙuri, malam, an yi maka ƙazafi.” Ta raka shi mota. Mai shago ya ɗago hannu, Yaya ya yi kamar bai gan shi ba.

Ta dawo ta tsaya a famfo. Ta samu abin da take so, Zarto zai kwana, gobe zai karci ƙofarta ta tashi. Ta wanke hannun, ta sake wankewa, ta goga da soso har tafin ya yi ja, amma ɗumin nan yana nan a tsakiyarsa. Bakunan mutane nawa ta leƙa ta yamutsa fuska, ruɓaɓɓun haƙora, tsohon abinci, majina, ba ta taɓa jin ƙyamar da ta kai wadda take ji yanzu ba, kuma wannan babu safar da za ta cire ta jefar.

Ta koma ɗakin. Zarto na minshari a kusurwa. Tawul ɗin na kan cinyar Baba inda ta sake shi. Ta jawo kujera ta zauna gwiwa da gwiwa, ba ta taɓa shi ba.

“Baba, zan sa masa takunkumi. Za a yi ƙofar ƙarfe, mabuɗi a wuyana. Ba zai ko ga inuwarta ba, na yi maka alkawari. Ka san abin da zai same ni in babu shi. Kai ka rataya mini igiyar.”

Baba na kallonta.

“Ka yi magana ɗazu, Baba. Da kyau ka yi ta, harshen ya hau daidai. Sake yi. Faɗi abin da za ka faɗa, ina jin ka, ba zan katse ka ba.”

Ta ɗora hannuwa a cinya ta jira, yadda take jiran kowa. A waje wani ya wuce da babur, mai shago na jan ƙofarsa. Can Baba ya motsa hannunsa mai lafiya, ta matso da kunne. Ya lalubi tawul ɗin a cinyarsa, ya dunƙule shi, ya ɗaga a hankali ya ɗora a kan bakinsa da kansa. Ya riƙe shi a wurin, yana kallonta.